Amsoshin tambayoyinku: An ba Baba maganin da ba nasa ba

Tambaya: Likita ya rubuta wa mahaifina maganin hawan jini, yaron kanti ya ba mu na ciwon suga. Baba ya sha, ya yanke jiki ya faɗi, sai da aka kwantar da shi. Ni na sayo, na kasa barci. Za mu iya kai ƙara? Daga wata baiwar Allah, Unguwar Rogo.

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya ba Baba lafiya. Ki cire wa ranki laifi, takarda kika miƙa, ba ke kika karanta ta ba. Kuna da damar neman diyya, amma kotu ba ta aiki da "wallahi haka aka yi". Sai an nuna mata cewa an yi sakaci, an cutu, kuma sakacin ne ya jawo cutar. Saboda haka ki adana takardar likita, kwalin maganin, ragowar ƙwayoyin da rasit, ki ɗauki hotonsu, kada ki mayar wa kantin ko da sun ce za su canza. Ki nemi rahoton likitan da ya duba Baba, a rubuce.

Hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magunguna tana karɓar koke, tana iya ladabtar da mai laifi ko ta rufe kanti, sai dai kuɗin diyya a kotu ko wajen sulhu ake samunsa. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya. Wajen ɗaukar lauya, ku yi cinikin ladansa a rubuce tun farko, ku guji wanda zai yi muku alkawarin miliyoyi bai ko buɗe kwalin ba. In babu hali, ku fara tuntuɓar ofishin Legal Aid, mai taimaka wa marasa hali da lauya. In kuwa a asibitin gwamnati aka yi kuskuren, kada ku yi sanya, domin dokar kare ma'aikatan gwamnati wata 3 kacal take bayarwa na shigar da ƙara a shari'o'i da dama. Ki kuma hana yayyenki zuwa kantin da fushi ko sa sunansa a Facebook, kada mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Tambaya: Na sayi haɗin maganin gajiya a tasha, jikina ya yi rudu-rudu. Nawa zan samu in na maka NAFDAC a kotu? Daga wani direba, Bauchi Road.

Amsa: Malam, NAFDAC ce ta ƙulla maka ledar? Mai tallan da ya sayar maka, ina za a kai masa sammaci? Je ka asibiti a duba ka.

Wannan halin namu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai zagaye kasuwar Terminus yana tayin takalmi, ya juya shi ciki da bai, amma abin da zai haɗiya sai ya karɓa a leda, ƙwaya ja da ruwan ɗorawa, babu suna, babu ranar lalacewa, rana ta gasa shi a faranti. Wai araha. Araha ba ta ado, balle magani. Mu a Jos bai kamata a tuna mana ba: a 1990 yara 47 suka rasu a garin nan bayan shan ruwan farasitamol mai guba da ke kashe ƙoda. A 2008 irin gubar ta sake ɓulla a maganin fitar haƙorin jarirai na My Pikin, yara 84 suka mutu a ƙasar nan. An kai ga ɗaure wasu a 2013 ne saboda akwai kwalba, akwai suna, akwai lambar kamfani da za a bi. Ledarka fa?

Kuma a rarrabe kemis da famasi. Mai kemis lasisinsa na ƙananan magunguna ne, ba a ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba, ko da unguwa duka na ce masa dokta. Maganin da likita ya rubuta a famasi mai rajista ake sayensa. A duba lambar NAFDAC, a kankare wurin kankarewa in akwai, a tura lambar da ke ciki ta waya don tantancewa, a karɓi rasit ko na naira ɗari biyar ne, sannan a tambaya: wannan na mene ne, sau nawa ake sha?

Tambaya: Mai kantin ya amsa kuskurensa, zai biya kuɗin asibitin ɗana in na sa hannu cewa magana ta ƙare. In sa? Daga wani uba, Bukuru.

Amsa: Sulhu alheri ne, amma ba yau ba. Bari likita ya tabbatar yaron ya warke sarai, don wata illar sai daga baya take fitowa. Kafin nan karɓi kuɗin jinyar a gaban shaidu, takardar kuma lauya ya karanta ta tukuna.