Gutsuro naman zuciya da jagorancin hoto: tsaga ƙirji ake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata takwas ke nan maigidana yana fama da zuciya, numfashi na yi masa wuya, ƙafafu na kumbura, kuma har yau ba a gano musabbabin ba. Yanzu an ce ko zai shiga wani bincike da za a gutsuro naman zuciyarsa "da jagorancin hoto". Tsaga ƙirji za a yi? Kuma tunda an ɗauki hotuna, me za a yi da naman?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba a tsaga ƙirji. Allurar kashe zafi ake yi a gefen wuya ko a matsematsi, a zura siririn bututu ta jijiyar jini har cikin zuciya. Ta cikinsa ake tura wata waya mai ɗan baki kamar hantsaki, ta tsinko nama milimita 1 zuwa 2, bai kai kan ashana ba. Akan ɗauki kamar huɗu ko biyar. Mutum yana farke, abin da yakan ji shi ne ɗan fizga ko zuciya ta yi tsalle sau ɗaya. Wurin ba ya sake tsiro, ɗan tabo yake zama, amma bai isa ya rage wa zuciya ƙarfi ba.

Aikin ba sabo ba ne. Likitoci biyu 'yan Japan, Sakakibara da Konno, suka ƙirƙiro na'urar a 1962, sannan a farkon shekarun 1970 Philip Caves ya gyara ta a Jami'ar Stanford ta Amurka don duba waɗanda aka yi wa dashen zuciya, a ga ko jikinsu ya fara ƙin ta.

Hoto yana nuna inda ciwo yake, nama kuma shi ke faɗin ko wane ciwo ne. Tabo iri ɗaya a hoton MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu) zai iya zama kumburin da ƙwayar bairos ta jawo, ko cutar sakoyid mai haifar da ƙananan ƙulluttukan kumburi a gaɓoɓin jiki, ko wani abu dabam, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sai an yanka naman siriri, an rina shi, an sa a madubin likita. Cutar amiloyid, alal misali, wadda wani gurɓataccen furotin ke taruwa a cikin nama, in aka sa mata wani jan rini aka haska da haske na musamman, kore shar take komawa. Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa.

To, ga inda jagorancin hoto ya shigo, kuma nan ne nake so ki fahimta sosai. Hanyar da aka saba ita ce hoton eksire mai motsi. Yana nuna wayar tana tafiya, amma naman zuciya kamar inuwa yake, ba a bambance mai lafiya da mai ciwo. Likita yakan nufi katangar da ta raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, domin bangon waje na ɗakin dama siriri ne ƙwarai, yana iya hujewa. Matsalar ita ce wasu cututtukan dabbare-dabbare suke kama zuciya. A sakoyid, in aka tsinko ba tare da an saita wurin ba, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kawai ake gano wa ita. Sauran sai sakamako ya dawo "babu komai" alhali ciwon na nan, taku kaɗan daga inda hantsakin ya ciza. Wannan abu yana damuna, don an sa mutum cikin haɗari kuma an tashi a tutar babu.

Shi ya sa ake ƙara ido. Sikanin zuciya, wato eko, yana nuna bango da bawul (ƙofofin da ke hana jini komawa baya) kai tsaye. Akwai taswirar lantarki, wadda ake bin cikin zuciya ana auna ƙarfin wutar kowane wuri. Inda ta yi rauni, nan ake zargi. Wasu kuma suna ɗora hoton MRI ko PET (hoton da ke haska wurin da kumburi yake) da aka riga aka ɗauka a kan allon aikin. Yin aikin a cikin na'urar MRI kanta yana matakin gwaji, saboda ƙarfen na'urar yau da kullum yana ɓata hoto, yana kuma iya ɗaukar zafi a cikin maganaɗisu.

Haɗari akwai, ba zan ɓoye miki ba: hujewar bango jini ya taru a jakar zuciya, rikicewar bugu, ko taɓa bawul. A hannun waɗanda suka ƙware, mai tsanani bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Tunda binciken kimiyya ne, yardar maigida ita ce sharaɗi, kuma in ya ƙi ko ya janye daga baya, ba a rage masa kulawa. Kafin ya sa hannu ku tambaya: da ma yana bukatar wannan gwajin don maganinsa, ko don binciken kaɗai ne? Za a ba shi sakamakon? Ina za a ajiye ragowar naman, za a duba ƙwayoyin gado a ciki? Sau nawa likitan yake yin aikin a shekara? In kuma yana shan maganin tsinka jini, ku faɗa tun kafin a sa rana.