Kafin ka kwance wayar, duba ta inda ruwan yake shigowa

Yarona, na ga saƙonka da daddare bayan mun rufe shago. Ka ce wani ya kawo waya, bidiyo ba ya tafiya, da ya yi 'yan daƙiƙu sai ya tsaya, zoben nan ya yi ta juyawa a tsakiyar sikirin, alhali sabis ɗinsa a cike yake. Kana tambaya ko ka yi mata filashin, wato ka goge komai ka sake zuba mata manhajar da take aiki da ita. Kada ka yi. Ajiye kwamfutar nan tukuna, kuma kada ka ɗora sukundireba a bayan wayar sai ka gama karanta wannan.

Ka san randa a gida. Mai garuwa yana zubawa, mutanen gida suna ɗiba. Muddin abin da ake zubawa ya fi abin da ake ɗiba, ba wanda zai san akwai matsala. Haka waya take yi da bidiyo. Ba ta nuna maka shi kai tsaye daga intanet, tana fara tara wasu daƙiƙu a gaba ta ajiye, kana kallo tana ci gaba da tarawa. A YouTube za ka ga layin toka-toka yana gaban jan layin, wannan shi ne ruwan da ke cikin randar. Idan jan ya cim ma tokar, randa ta ƙafe, sai zoben ya fito. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: zubawar ce ta yi kaɗan, ko ɗibar ce ta yi yawa, ko kuwa randar ce ta fashe? Filashin maganin fasasshiyar randa ne kawai, kuma a shekarun da na yi ina wannan aiki a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ita ce ta fi ƙaranci a cikin ukun.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka buɗe bidiyon da yake ajiye a cikin wayar, irin wanda aka turo masa ta WhatsApp ya riga ya sauka, ko wanda ya ɗauka da kyamara. Idan ya tafi sumul, wayar tana iya nuna bidiyo, matsalar a hanya take. Idan shi ma yana sarƙewa, sauti na gaba hoto na baya, to ka duba ko ma'ajiyar ta cika maƙil, ko wayar tana zafi, ko manhajoji sun yi mata yawa a buɗe. Bayan haka ka kunna mata hospot daga wayarka, wadda take kan wani layin daban. Idan bidiyon ya gudu, ka gama gano cewa tsakanin layinsa da ƙarfen sabis ne abin yake.

Kan maganar sabis a cike, nan ne kwastomomi suke ruɗewa, kai ma na ga ya ruɗe ka. Sandunan nan da ke saman sikirin ƙarfin muryar ƙarfen sabis kawai suke nunawa, wato yadda wayar take jin sa. Ba sa gaya maka mutum nawa ne suke kan ƙarfen a lokacin. Rijiya tana iya kasancewa a ƙofar gidanka, amma idan unguwa duka ta yi layi a kanta, guganka zai jira. Shi ya sa nake tambayar kowa: da wane lokaci abin yake faruwa? Idan ya ce bayan isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya kwanta da waya a hannu, amma da asuba lafiya ƙalau, to babu abin da hannunka zai gyara a cikin wayar. Cunkoso ne. Ka gaya masa gaskiya.

Sai ka kalli harafin da ke gefen sandunan. Idan ka ga E, wayar ta faɗo 2G, kuma wannan ko saƙon murya da ƙyar yake turawa, balle bidiyo. H ko H+ 3G ne, yana iya ɗaukar ƙaramin bidiyo. Abin da kake so shi ne 4G ko LTE. Shiga saitin layi ka duba ko wani ya kulle wayar a kan 3G, ka duba wane sim ne aka ɗora wa data, domin a wasu tsofaffin wayoyi masu layi biyu rami ɗaya ne kawai yake ɗaukar 4G. Wani kuma sim ɗin ne tsoho tun na da, sai ya je ofishin kamfanin an sauya masa da mai 4G. Kunna yanayin jirgin sama na daƙiƙa goma ka kashe, wayar za ta sake neman ƙarfe daga farko, sau da yawa ta kama wanda ya fi. Kuma ka sa ya duba ragowar datarsa a gabanka. Na sha ganin mutum ya sayi tsarin da aka keɓe wa WhatsApp da Facebook kawai, yana mamakin me ya hana YouTube tafiya. Akwai kuma tsare-tsaren da idan ka ci wani adadi sai a rage maka gudu har wata ya ƙare.

Yanzu ɓangaren ɗiba, wanda shi ne ya fi saurin warware matsalar. YouTube da kansu sun faɗi gudun intanet da kowane matakin kyan hoto yake buƙata: 360p wajen megabit 0.7 a daƙiƙa, 480p 1.1, 720p 2.5, 1080p kuwa 5. Buɗe fast.com, shafin da ke auna gudun intanet, a wayar ka ga abin da take samu. Idan ta nuna 1.5 kuma mutumin ya kafe bidiyonsa a 1080p, yana neman ɗibar bokiti biyar ne daga inda ake zuba ɗaya da rabi. Taɓa alamar saiti a kan bidiyon, shiga Quality, ka zaɓi 360p ko 480p. Don kada ya dawo gobe, shiga saitin manhajar ka sa masa Data saver, wato tsimin data, ya zauna. A sikirin mai inci shida, 480p ya wadatar da wa'azi, labarai da fim. Ka yi masa lissafin ma, domin shi ne yake shiga kunnen mutane: megabit takwas ne suke yin megabait ɗaya, don haka awa guda a kan gudun 5 ta haura gig biyu, a kan 0.7 kuwa megabait ɗari uku da 'yan kai ne. Da ya ji kuɗin datarsa ne yake tsira, ba zai yi maka gardama ba.

Akwai kuma ɓarayin ruwa da ba a gani. Play Store yana sabunta manhajoji a ɓoye, Google Photos yana loda hotuna, WhatsApp yana sauke duk bidiyon da aka watsa a guruf ashirin, ga hospot a buɗe yara uku suna kai. Shiga wurin da ake ganin cin data, zai jera maka su daga babba zuwa ƙarami. Ka duba saman sikirin ko akwai alamar ɗan makulli, ita ce take nuna VPN yana kunne, wato manhajar da ake buɗe shafukan da aka toshe da ita. Tun lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mutane da yawa suka saba da VPN na kyauta, wasu har yau yana kunne ba su sani ba, yana zagayawa da datarsu ta wata ƙasa kafin ta dawo. Kashe shi ka sake gwadawa. Manhajojin nan da suke cewa suna ƙara gudun intanet kuwa, goge su. Talla suke saukewa da datar mutum, babu abin da suke ƙarawa.

Inda aikinmu na hannu yake shigowa shi ne idan ka ajiye wayarsa kusa da wata, layin kamfani ɗaya, wuri ɗaya, waccan tana 4G cike tasa tana sanda ɗaya ko tana faɗawa E. Nan sai ka tambaye shi ko an taɓa buɗe ta. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini waya, ta sauya layi har sau biyu, an yi mata filashin a wani wuri, hotunan sunan ɗanta duk sun tafi, bidiyo bai daina tsayawa ba. Na tambaye ta, ta ce wata biyu da suka wuce an sauya mata bakin caji. Da na ɗaga murfin, ga siririyar wayar eriya nan, wadda take tasowa daga ƙaramin allon ƙasa, wanda bakin caji yake kansa, ta bi gefen batir zuwa babban allo, kanta mai kama da ɗan maɓalli yana lilo, ba a mayar da shi gurbinsa ba. Na daidaita shi da tsinken roba, na danna a hankali har na ji ya ce ƙyas. Kafin in rufe murfin 4G ta dawo. Hotunan ne ba su dawo ba, kuma har yau abin yana damuna idan na tuna fuskarta. Don haka idan ka sauya allon ƙasa, ka duba wannan kan sau biyu, kada ka danna shi a karkace domin gurbin yana lanƙwashewa, kuma ka guji allon ƙasa mai arha, wasu ba su da cikakkun kayan eriya. Wayoyin da aka shigo da su daga Amurka kuma ka duba lambar samfurinsu, wasu ba sa kama duk zangon 4G da kamfanoninmu suke amfani da shi, wannan kuwa ba ya gyaruwa.

Idan duk ka bi waɗannan ya zamana unguwarsu ce sabis bai da ƙarfi, ka ba shi dabarar zama da abin. Ya matsa kusa da taga ko ya fito tsakar gida, domin kwano da kankare suna tare sabis. Ya dakatar da bidiyon ya bar layin toka ya yi nisa kafin ya kunna. Wanda yake da maɓallin saukewa, ya sauke shi cikin dare da datar dare mai rahusa, ya kalla da rana hankali kwance, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Gobe idan mutumin ya zo, ka yi gwajin farko da na hospot a gabansa, yana gani. In saiti ne kawai ka gyara, kada ka karɓi kuɗinsa, ka nuna masa inda ka taɓa. In kuma ta kai ga buɗewa, ka jira ni, zan shigo wajen ƙarfe goma, mu duba eriyar tare.