Ɗan Wurin Nan da Muke Tariyowa a Cikin Waƙa

Saƙonnin da suka taru mini a wannan karon kamar masu su sun haɗa baki. Kusan duka a kan waƙa suke, kuma ba waƙar ɗungurungum ba. Ɗan wani wuri ne a cikinta, wanda kafin ƙiftawa da bismilla ya wuce, amma shi mutum yake ta jira tun da aka buga gangar farko. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ni ma ina da irin waɗannan wurare nawa, kuma Hausa ba ta bar su kara zube babu suna ba.

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: "Malam, a waƙoƙin marigayi Musa Ɗanƙwairo akwai abin da nake so. Yakan ɗauko magana, kafin ya dire ta sai yaransa su cafe su ƙarasa, kamar sun san abin da ke bakinsa. Nakan maimaita wurin sau biyar ko fiye. Wannan yana da suna na daban, ko duk amshi ne?"

Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Amshi babbar rumfa ce, a ƙarƙashinta akwai abubuwa da yawa. Kalmar daga "amsa" ta fito, wasu kuma sukan ce karɓi, daga "karɓa", su kira masu yin sa 'yan karɓi. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun yi aiki mai yawa wajen tattara sunayen sassan waƙa. Layin nan da ake ta komawa gare shi ana kiransa gindin waƙa. Abin da makaɗi ke ɗorawa tsakanin gindi da gindi kuwa shi ne ɗan waƙa, jam'insa ɗiya. Dubi hoton da ke cikin sunayen: gindi guda ne, yana nan a kafe, 'ya'ya kuwa sai yadda Allah ya hore.

Abin da ka ji shi ne tarbe. Jagora ya taho da magana, yaransa ba su jira ta iso ba, suka fita suka tarye ta a hanya, kamar yadda ake taryen baƙon da aka yi marmari. Yana da ɗan'uwa, wato rakiya, inda sukan shiga su haɗa murya da jagora su taka masa har ƙarshen layin, yadda ake raka baƙo. In kuwa magana ta riƙa yawo tsakaninsu, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan, ta zama karɓeɓeniya. Ina son waɗannan sunaye matuƙa. Wanda ya raɗa su ya ɗauki maganar makaɗi a matsayin baƙuwa mai daraja: a tarye ta in ta taho, a raka ta in za ta tafi.

Ka ce kamar sun san abin da ke bakinsa. To ai sun sani. Makaɗan fada irin Ɗanƙwairo, wanda ya yi kiɗa da kotso har rasuwarsa a 1991, sukan zauna da yaransu su tsara waƙa su yi ta bitarta kafin a kai ta gaban mai ita. Ba a taryen baƙon da ba a san da zuwansa ba. Ka kwatanta da marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Shi ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, a tsaye a filin wasa, don haka yaransa galibi gindin waƙa suke riƙe masa, su yi ta maimaita shi, shi kuma ya tafi inda ya ga dama ya dawo ya tarar da su. Saboda haka masoyinsa wani abu daban yake jira: wurin da zai faɗo cikin amshi tun bai ƙare ba, ko ya ɗan yi jinkiri har ka zaci ya bar zagayen ya wuce, sai ka ji shi ya shigo daidai kan gaɓa. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙarsa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Nasa amshin yana cikin yatsunsa.

Wata 'yar'uwa ta tambaya: "Wanne ne daidai, waƙa ta tsuma ni ko ta tsima ni? Akwai inda mawaƙin da nake so yake ɗaga murya sau ɗaya tak a ƙarshen waƙa, in na ji sai jikina ya ɗauka. Ina so in faɗa daidai."

'Yar'uwa, wadda kike nema ita ce tsuma. Tsuma ita ce jiki ya ɗauki rawa saboda wani abu da ya motsa zuciya, kamar yadda jarumi ke yi in ya ji ana kaɗa masa takensa, ya kasa zama. Tsima kuwa jiƙa abu ne a ruwa a bar shi ya daɗe har ruwan ya ɗauki ƙarfinsa, daga nan aka sami tsimi. A bakin mutane da yawa kalmomin biyu sun cakuɗe, za ki ji an ce "ta tsima ni" kuma kowa ya gane abin da ake nufi, ba zan ce an yi laifi ba. Amma a rubuce na fi son a bambanta. A kuma kula da baƙin "m": in kika ninka shi kin koma tsumma, wato tsohon ƙyalle.

Sai dai ina ganin tsima ma tana da gurbinta a nan. Ɗaga muryar nan da kike ji a ƙarshe ba za ta yi miki komai ba da a ce da ita aka fara. Minti shida ko bakwai da kika yi kina sauraro a hankali, su ne suka jiƙa ki. Sai da kika tsimu sannan kika tsumu. In abin bai kai ga rawar jiki ba, ya tsaya a fata, shi ne muke cewa tsikar jiki ta tashi. In kuma ya shige ciki shiru, sai mu ce waƙar ta ratsa ni. Wannan ne ya sa nake ganin karin maganar nan, "jiki ya fi kunne ji", duk da an yi ta ne kan wanda aka yi wa faɗa bai ji ba sai da ya sha wuya, lafazinta ya dace da mai sauraron waƙa ba kaɗan ba.

Wani matashi ya ce: "Akwai inda murya ke tsayawa, kalangu ya yi ta bugawa shi kaɗai, mahaifina ya ce magana yake yi. Da gaske ne, ko dai zuzutawa ce irin ta manya?"

Mahaifinka ya fi ka gaskiya, yaro. Hausa harshe ne mai karin sauti: kowace gaɓa tana hawa sama, ko ta sauka ƙasa, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Faɗi "kuka" na hawaye, za ka ji gaɓoɓin biyu duk a sama. Faɗi "kuka" itaciya, ta farko a sama, ta biyu ta sauka. Kalangu ana rataya shi ne a hammata, jikinsa kewaye da igiyoyi da suka haɗa fatun bakinsa biyu. In makaɗi ya matse, fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya saki, ya sauka. Da haka yake bin hawa da saukar magana da tsawon gaɓoɓinta. Baƙaƙe da wasula ba sa fita, shi ya sa sai wanda ya riga ya san maganar yake jin ta. Irin wannan kiɗa da aka keɓe wa wani mutum ko wani rukuni shi ne take. Kirari da baki ake yin sa, take kuwa ganga ce ke faɗinsa. Ka roƙi mahaifinka ya faɗa maka kalmomin sau ɗaya yana bin kiɗan. Daga ranar ba za ka ƙara jin wurin nan a matsayin bugu kawai ba.

Tambaya ta gaba a kan karin magana ce. Wani malamin makaranta ya ce: "Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na ji wani yaro mai murya ya sake rera wata tsohuwar waƙa, muryarsa ma ta fi ta mai waƙar kyau, amma ban ji abin da nake ji ba. Wannan ne ma'anar karin maganar?"

Malam, a yau da kullum ana kawo wannan karin magana ne idan ana so a ji labari daga wanda abin ya shafa. Mutum ya fara ba da labarin wani alhali mai labarin yana zaune, sai a ce a bar shi ya faɗa da kansa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma tushenta shi ne ainihin abin da ka gani. Lura da cewa ba a ce "ta fi zaƙi" ba. Zaƙi na murya ne, kuma mai kwaikwayo yana iya fin mai waƙa zaƙin murya nesa ba kusa ba. Daɗi ya fi zaƙi faɗi. Yaron nan ya kwashe kalmomi da karin waƙar, amma akwai abin da ba ya kwasuwa: inda mai ita ya ja numfashi, inda muryarsa ta ɗan dushe don ya daɗe yana yi, inda ya haɗiye rabin kalma saboda dariya ta taso masa, inda wata mata a cikin taro ta rangaɗa guɗa ba tare da an shirya ba, ko maroƙi ya kutso da kirari a kan maganarsa. Mai kwaikwayo yakan share waɗannan don yana ganin su datti ne. In kuma ya kwaikwaye su, sai su fito a ƙirƙire, kunne ya gane. Ni a ganina rabin abin da muke ƙauna a tsofaffin waƙoƙi yana cikin waɗannan abubuwa da ba a yi niyyarsu ba.

Wata kuma ta yi ƙorafi cewa wurin da ta fi so bai fi daƙiƙa biyar ba, me ya hana mawaƙin ya tsawaita shi? Hajiya, Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Ana faɗin haka don jan kunnen wanda abu ya yi wa daɗi har ya wuce gona da iri. Asalinsa kuwa sanin makaɗa ne: fatar ganga tana ƙara zaƙi gwargwadon yadda aka ɗaure ta, kuma daga matuƙar ɗauri sai yagewa. Gwanin mawaƙi ya san haka game da muryarsa da kuma kunnen mai sauraro. Yakan taɓa ƙololuwa ya sauko. Da ya zauna a can minti guda, da ba ki rubuto mini ba.

Na bar tambayar da ta fi taɓa ni a ƙarshe. Wani dattijo ya ce jikarsa ta tambaye shi dalilin da ya sa yake cewa "tariyo mini wurin nan" alhali a waya ake sauraro, kuma me ya haɗa waƙa da faifai.

Baba, ka gaya mata kalmomin nan sun girmi wayarta. Faifai asalinsa shi ne zagayayyen abin nan da ake saƙawa ana rufe ƙwarya da shi. Da garmaho ya zo da baƙin farantinsa mai faɗi da zagaye, sai ido ya ga kama, aka ce faifan garmaho. Irin na farkon nan yana juyawa sau 78 a minti, kuma galibi fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku, don haka dole makaɗin da ya saba kwana yana waƙa ya dunƙule ta. Sunan ya bi CD, ya bi bidiyo, har yau muna cewa faifan bidiyo ga abin da ba shi da zagaye ba shi ma da jiki. Kaset kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma zare ne a cikinsa yake naɗuwa daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa "naɗar murya" ta zauna daram a bakinmu. Tariya ma aikin zare ce tun a hannun masu kaɗi da saƙa, kafin ta koma kan kaset. Duk wanda ya taɓa zura biro a ramin kaset yana juyawa don ya yi tattalin batir, ya yi tariya da hannunsa.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce, in ka zaro ɗaya ba ta komawa inda ta fito. Haka waƙa take kafin zuwan waɗannan na'urori: abin da makaɗi ya yi a daren nan ya tafi ke nan, sai dai wanda ya halarta ya ba da labari. Naɗar murya ba ta mayar da bunun cikin jinka ba, amma ta ba mu damar riƙe shi a hannu mu yi ta dubawa.

Ina da wani tsohon kaset da rubutun jikinsa ya goge. A tsakiyar fuska ta biyu makaɗin ya ɗauko sunan wani, sai ya tsaya cak, kamar sunan ya kuɓuce masa. Ganguna ba su tsaya ba. Yaransa suka maimaita gindin waƙar sau ɗaya, suka sake maimaitawa, a na biyun kana jin ɗaya daga cikinsu ya ɗan ɗaga murya fiye da sauran, kamar mai cewa muna nan, ɗauki lokacinka. Sannan ya dawo da sunan, da ƙarfi, har da ɗan murmushi da ake ji a muryar. Zaren kaset ɗin ya sirance a daidai wurin saboda yawan tariya, sautin yana ɗan rawa in ya iso nan. Da aka mayar mini da shi cikin waya, na roƙi wanda ya yi aikin kada ya gyara rawar.