Amsar Maigida Kan Godiya Bayan Intabiyu

Ɗana, na karanta saƙonka jiya da daddare bayan na rufe shago. Ka ce ka je intabiyu a wata masana'antar robobi da ke Sharada, inda ake neman mai kula da wutar injuna, kuma mutum uku ne suka zauna da kai: injiniyan masana'antar, da shugabar sashen ma'aikata, da wani dattijo mai kula da gyare-gyare. Tambayarka ita ce ko ya dace ka aika musu da godiya tun sakamako bai fito ba, ko kuwa za a ɗauke ta kamun ƙafa. Ka ƙara da cewa kawunka ya ba ka shawarar ka nemi gidan injiniyan ka kai masa ɗan goro.

Ka aika da godiyar, amma goron ka bar wa kawu abinsa. Abin da ake so daga gare ka bai wuce ban gajiya ba. Ka san idan an tashi daga biki ko aikin gayya, washegari ana zagawa a ce wa mutane sannu da ƙoƙari, Allah ya huce gajiya, kuma ba a zuwa ban gajiya da buƙata a baki. Mutanen nan sun bar aikinsu sun zauna sauraron masu neman aiki ɗaya bayan ɗaya, wataƙila tun hantsi har azahar, saboda haka sun cancanci a gaishe su. Amma da zarar ka haɗa da "a taimaka mini, ina da iyali", ka mayar da ita gaisuwa da roƙon iri, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar ɗaukar ma'aikata yana gane ta tun daga layin farko.

Ka aika yau da rana, cikin lokacin aiki, ta hanyar da suka gayyace ka. Idan ta imel takardar gayyatar ta zo, ka amsa ta imel ɗin. Idan ta WhatsApp shugabar ma'aikata ta neme ka, ka rubuta mata a can, ka roƙe ta ta miƙa gaisuwarka ga sauran biyun. Kada ka karɓi lambar injiniya daga hannun maigadi ko direba, domin abin da zai fara zuwa ransa shi ne wa ya ba ka, kuma kada ka kira ko ka aika saƙon murya. Ka kira kowa da laƙabinsa, Injiniya ko Hajiya ko Malam, kuma idan da Turanci aka yi ganawar, kamar yadda aka saba a masana'antun Sharada da Bompai da Challawa inda manajoji da dama ba Hausawa ba ne, ka rubuta da Turanci mai sauƙi, ka ba wani ya duba maka kafin ka tura. Layi huɗu ko biyar sun isa: sallama, da sunanka, da ranar da kuka gana da aikin da ka nema, sannan godiya.

Akwai abu ɗaya da nake so ka saka, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a wurina. Ka ce dattijon ya tambaye ka dalilin da ya sa ake tayar da babbar motar lantarki mai juya inji da haɗin sta kafin a mayar da ita delta, wato hanyoyi biyu na haɗa koyil ɗinta da wuta, ka rikice ka ce don kada fiyus ya ƙone, ka yi shiru daga nan. Ba ka yi ƙarya ba, amma rabin amsa ka bayar, alhali da hannunka ka haɗa irin wannan fanel a shagona ba sau ɗaya ba. A layin wuta uku mai bolt 415, idan aka haɗa mota a sta, kowane koyil yana samun kusan bolt 240 ne kawai, sai wutar da take ja a lokacin tashi ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, har ta ɗauki gudu taima, wato na'urar ƙidayar lokaci, ta juya ta zuwa delta. Ka rubuta wannan a jimla biyu, ka ce bayan ka koma gida ka sake tunani a kan tambayar. Mai sashen gyara ba ya tsoron yaron da ya manta amsa a gaban mutane. Wanda yake tsoro shi ne wanda ya yi kuskure ya rufe fanel ya tafi.

Maganar goro kuwa, na ga ƙarshenta da idona. Lokacin da nake riƙe da sashen gyara a wata masana'anta, mun gwada yara shida, kuma akwai wanda ya fi sauran nesa ba kusa ba, ga takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mataki na biyu, ga hannu mai tsabta. Da magariba na dawo gida na tarar da shi a zaure tare da yayansa, da buhun shinkafa jingine da bango. Maƙwabta sun gani, abokin aikina da ya rage mini hanya ya gani. Na mayar musu da buhun, kuma washegari dole na janye bakina daga zaɓensa, domin da na tsaya masa da an ce shinkafa ce ta yi magana. Har yau abin yana damuna, don yaron ya iya aiki. Idan ma wurin gwamnati ne, dokar shekarar 2000 da ta kafa hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai bayarwa kamar yadda ta tanada ga mai karɓa.

Tun da sun ce sakamako zai fito cikin mako biyu, ka ba su mako biyun cif, ko an amsa saƙonka ko ba a amsa ba. Idan ya wuce da kwana biyu ko uku, kana iya tambaya sau ɗaya cikin ladabi. Kafin nan ka zo shago gobe da sassafe, an kawo motar injin niƙa daga Dawanau kuma ina so kai za ka buɗe ta.