Tun daga doki har kwandon kayan marmari: amsata ga mai tambayar wa muka zaɓa

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya tambaya cewa kowa ya faɗi waɗanda ya jefa wa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa tun daga farkonsa, kuma ko akwai wadda yake da-na-sani a kanta, ga tawa. A yi mini haƙuri za ta ɗan yi tsawo, ni ɗan 1974 ne, na daɗe ina shan rana a layi.

Zaɓen 1979 da na 1983 ba ni da ƙuri'a, amma a cikinsu na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan PRP ne na gani-kashe-ni, kuma lokacin da jam'iyya ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, shi yana Taɓo, wurin Malam Aminu Kano. Hoton mabuɗi, alamar PRP, na liƙe a ƙyauren shagonsa har ya koɗe. Ranar da Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, ita ce rana ta farko da na ga babba yana kuka. Na kawo wannan ne don ka gane cewa kafin in san mene ne katin zaɓe, an riga an gaya mini su wane ne namu.

Ƙuri'ata ta farko ranar Asabar 12 ga Yunin 1993. Jam'iyya biyu ce kacal, soja suka ƙirƙira, SDP mai doki da NRC. Ga Bashir Tofa ɗan garinmu, ga Abiola daga Abeokuta da Babagana Kingibe a bayansa. Na dangwala wa doki. In na ce maka na karanta manufofin Abiola na yi ƙarya. Baba ne ya ce tsofaffin 'yan PRP suna SDP, NRC kuwa NPN ta Shagari ce ta sake riga, shi ke nan magana ta ƙare. Kuma ba gidanmu kaɗai ba, Abiola ya kayar da Tofa a jihar Kano. Duk lokacin da na ji wani a intanet yana cewa ɗan Arewa ba ya zaɓar ɗan Kudu, wannan nake tuna masa. Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka soke zaɓen. Ina ɗan shekara 19, ban ji zafin abin sosai ba a lokacin, sai daga baya na gane abin da aka yi asara.

A 1999 Obasanjo na zaɓa, ƙarƙashin lema. Dalilin da ake ta faɗa a majalisarmu shi ne mutumin nan ya miƙa wa Shagari mulki a 1979 ba tare da ja-in-ja ba, mai amana ne. Olu Falae ba mu san shi ba, ko da yake Umaru Shinkafi ne mataimakinsa. Gaskiya ma ko wa aka tsayar za mu zaɓa, mun gaji da kaki.

Daga nan sai shekarun Buhari, kuma a nan labarina ya fi nauyi. Sau huɗu a jere na ba shi: 2003 da 2007 a ANPP mai masara, 2011 a CPC mai alƙalami, 2015 a APC mai tsintsiya. Wanda bai ga Kano a 2003 ba, da wuya a iya kwatanta masa. Ba kuɗi aka ba mu ba, mu ne ma muke cire na aljihunmu muna buga fasta. A shekarar aka yi "sak", wato daga sama har ƙasa masara, kuma guguwar ce ta kawo Malam Ibrahim Shekarau ta kayar da gwamna mai ci, Kwankwaso. Ni kaina na zaɓi ɗan majalisar da ko sunansa ban sani ba, alama kawai na duba. Ya yi shekara huɗu ban taɓa jin muryarsa a rediyo ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Na 2007 ba sai na daɗe a kai ba. Katsinawa biyu, Umaru Musa 'Yar'aduwa da Buhari, ga Atiku a AC. A rumfarmu kayan zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take. Shi kansa 'Yar'aduwa a jawabin rantsuwarsa ya yarda zaɓen yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara. Ban zaɓe shi ba, amma da ya rasu a watan Mayun 2010 na ji mutuwar har raina. Mutum ne da na yi wa mummunan zato ya ba ni kunya.

To 2011. Ina da aboki, maƙwabcin shagona a kasuwa, tare muke cin abincin rana shekara da shekaru. Ya ce shi Shekarau zai zaɓa, don a ganinsa CPC jam'iyya ce 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni, ba ta da kafa a Kudu, kuma ba a cin shugaban ƙasa da Arewa kaɗai. Ya zauna ya yi mini lissafin tsarin mulki: sai ka fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ka samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jiha 24. Ya ce in ƙirgo masa su. Na kasa ƙirgawa, sai na koma zagi. Na kira shi maci amana a gaban yaran shagonsa. Aka yi zaɓe ranar 16 ga Afrilu, muka kasa, muka tsare, muka raka, Jonathan ya ci. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: ƙone-ƙone, dokar hana fita, ɗaruruwan rayuka a jihohin Arewa, har da yara masu yi wa ƙasa hidima da aka kawo aikin zaɓe. Ban ɗauki ko tsinke ba, amma ina cikin masu zama a majalisa suna cewa ai an yi mana fashi, kuma samarin da suka fita titi suna jin irin maganganunmu.

Abin dariya, lissafin abokin nan nawa shi ne ya yi aiki a 2015. Sai da CPC ta haɗe da ACN ta Yarabawa da ANPP a 2013 aka samu APC, sannan aka ci. An ɗage zaɓen mako shida zuwa 28 ga Maris, aka kawo na'urar tantance kati. Tawa yatsar sai da na goga ta a riga sau uku kafin ta karɓa. Na ga tsohuwa an kawo ta a baro, na ga mara lafiya da ledar ƙarin ruwa a hannu. Kano ta ba Buhari ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da ɗoriya. Da aka ce Jonathan ya buga waya ya taya murna tun kafin Jega, shugaban hukumar zaɓe, ya gama sanarwa, na yi sujada a tsakar gida. Ba zan ɓoye ba, a ranar na ɗauka an gama da matsalar Najeriya. Mun ɗora wa mutum ɗaya kayan da ko raƙumi goma ba za su ɗauka ba.

A 2019 ban yi zaɓe ba. Da asuba muka tashi muka ji an ɗage da mako guda, ni kuma mako mai zuwa ina da tafiya Legas ɗauko kaya. Da a 2011 ne da na fasa tafiyar. A wannan karon na duba zuciyata na ga babu wanda zan yi asarar ciniki dominsa, na hau mota.

Na 2023 ya zo cikin wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane. Gidana ya rabu uku. Uwargida Atiku, babban ɗana da ya yi karatu a Kudu ya ce shi Peter Obi, ni kuma na dangwala wa kwandon kayan marmari na NNPP, wato Kwankwaso, mutumin da na taimaka aka kayar a 2003. Na san ba zai ci ba, ƙuri'arsa duka ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba, kusan miliyan ɗaya daga Kano. Dalilina ɗan ƙanwata ne da ya yi karatu a waje lokacin gwamnatinsa, yanzu shi ke riƙe da gidansu. Wani zai ce dalili ne na son kai. Na yarda, amma aƙalla wannan karon da idona na gani, ba a majalisa aka gaya mini ba. Da ɗan nawa ya faɗi wanda zai zaɓa, bakina ya buɗe zan yi masa irin ta Baba, sai na tuna dokin 1993 na yi shiru.

Game da da-na-sani kuwa, ƙanena, babu ƙuri'ar da nake jin kunyarta, har ta sak ɗin. Abin da ke ci mini rai shi ne kusan shekara biyu da na yi ba na gaisawa da maƙwabcin nan nawa, bango ɗaya tsakaninmu. Shi ne ma ya fara saukowa, ya aiko mini da goron sunan 'yarsa. Na je, muka gaisa kamar ba komai. Har yau bai taɓa tayar da maganar jiha 24 ba, ni kuma har yau ban buɗe baki na ce masa shi ke da gaskiya ba. Yana cikin zauren nan, na san zai karanta.