Amsa: Mamayar da Amurka ta yi wa Haiti, 1915 zuwa 1934

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Amurka ta taɓa mamaye wata ƙasa kafin Iraƙi da Afganistan. Ta sha yin haka, kuma a ganina labarin Haiti ne ya fi cancanta a sani, domin ita ce ƙasar da bayi baƙar fata suka kafa da jininsu a 1804, bayan sun fatattaki Faransa.

Tun a watan Disamba na 1914 sojojin ruwan Amurka suka shiga bankin ƙasar a Port-au-Prince, babban birnin Haiti, suka kwashe zinariya ta dala 500,000, suka kai ta New York. Ranar 28 ga Yuli, 1915, bayan kashe Shugaban Haiti Vilbrun Guillaume Sam, Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya tura dakaru da sunan maido da doka da oda, amma ba su daɗe ba suka karɓe kwastan da baitulmali. Tsarin mulkin 1918 kuma ya halatta wa baƙi mallakar filaye, abin da aka haramta tun bayan samun 'yancin kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin tilas, inda ake kama manoma, wasu a ɗaure da igiya, a kai su aikin hanya ba tare da ko anini ba. Wannan zalunci ya rura wutar bore ƙarƙashin Charlemagne Péralte, wanda aka kashe a 1919, aka ɗaure gawarsa a jikin ƙyaure, aka ɗauki hotonta aka rarraba domin a razana jama'a. Sojojin sun fice a watan Agusta na 1934, amma akalar kuɗin ƙasar ta ci gaba da zama a hannun Amurka har 1947.