Yaya, ga dokar da 'yarka take karantawa a Ingila

Yaya, na ji saƙon muryar da ka turo, na kuma maimaita shi sau uku, musamman wurin da ka ce wai mun tura yarinya ta koyi shari'ar Nasara, ko yara sun ƙare zama Turawa ne gaba ɗaya. Ban amsa a ranar ba, don da na amsa da zafi zai fito. Shekarata 26 a garin Lids, kuma ba kai ne farkon wanda ya yi mini wannan tambaya daga gida ba, shi ya sa na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani.

Digirin lauya a nan shekara 3 ne, kuma akwai darussa 7 da ake ɗauka su ne ginshiƙi: dokar kwangila, dokar diyyar cutarwa, dokar laifuka, dokar filaye, dokar adalci da riƙon amana, dokar tsarin mulki da ayyukan hukuma, sai dokar Tarayyar Turai. Ta ƙarshen nan ita ce ke ba ni dariya, don ƙasar ta fice daga tarayyar tun 31 ga Janairun 2020, amma yara na nan suna haddace ta. Kuma "dokar Birtaniya" da kuke faɗa ba guda ɗaya ba ce. Ingila da Wales tafiyarsu ɗaya, Sikotilan kuwa nata tsarin daban, kotunanta daban. Abin da 'yarka take yi na Ingila ne.

Bari in ba ka labarin dodon koɗi. Wani dare a shekararta ta farko tana zaune a kicin da littattafai baje a tebur, mamansu na tuƙa tuwon semo, sai ta ce mu saurara. A 1928 wata mata a garin Paisley na Sikotilan aka saya mata kwalbar lemun citta a wani shagon shan shayi. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin ciki. Ta sha rabi, da aka juye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, in ji ta, ta kwanta rashin lafiya. Matsalar ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa, balle da mai kamfanin. Maganar ta kai kotun ƙoli ta lokacin, a 1932 alƙali Lord Atkin ya ce wajibi ne mutum ya kiyaye kada ya cuci maƙwabcinsa, kuma maƙwabci shi ne duk wanda aikinka zai iya shafa kai tsaye, ko ba ka taɓa ganinsa ba. Mamansu ta ajiye muciya ta ce, "To wannan ai haƙƙin maƙwabtaka ne, sai a 1932 suka gano?" Muka yi ta dariya. A kan wannan shari'ar aka gina yawancin dokar sakaci, daga likitan da ya yi ganganci har direban da ya buge mutum.

Ita dokar kwangila ba sai na daɗe a kanta ba, kai ɗan Kantin Kwari ne: tayi, sallamawa, da abin da kowane ɓangare ya bayar. Abu ɗaya da zai ba ka mamaki shi ne a wurinsu alkawarin kyauta da baki kawai ba ya ɗaure mutum a kotu, sai in an ba da wani abu a madadinsa, ko da ƙwayar masoro ce. Dokar laifuka kuma, kisan kai har gobe ba a rubuta ma'anarsa a wata dokar majalisa ba, daga hukunce-hukuncen alƙalan da suka gabata ake ɗauko ta, kuma mutum 12 daga cikin jama'ar gari su ke cewa ya aikata ko bai aikata ba. Ni kaina an taɓa aiko mini da takardar kira, na yi mako biyu ina zuwa kotu da hulata a ka, babu wanda ya ce in cire. Ƙasar ma ba ta da kundin tsarin mulki guda da za ka ɗauka a hannu kamar namu na 1999, amma duk da haka a 2019 kotun ƙoli ta ce wa Firaminista Boris Johnson dakatar da majalisa da ya yi haramtacce ne, washegari 'yan majalisa suka koma kujerunsu.

Na tuna ranar da na gaya maka gidanmu na farko hayar shekara 99 muka saya, ka ce mini, "Ashe haya ka saya da kuɗinka." Wannan yana cikin dokar filayen da take karantawa. To amma Yaya, ɗauko takardar shaidar mallakar gidanka na Hotoro ka duba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kai ma shekara 99 aka rubuta maka. Kuma lauyan da ka ɗauka lokacin rigimar shagonka, da baƙar riga da hular gashin doki cikin zafin Kano, me kake zaton ya karanta? Najeriya ta gaji dokokin Ingila da ke aiki a ranar 1 ga Janairun 1900, kuma labarin dodon koɗin nan ana koyar da shi a Zariya da Bayero. Shari'ar Nasaran da kake jin tsoro ta riga mu zama a Kano.

Yanzu in zo inda ke mini ciwo. Abin da ya fi damun Bahaushe a ƙasar nan, wato aure da gado da takardun zama, babu ko ɗaya cikin darussa 7 ɗin, sai ɗalibi ya zaɓa da kansa. Ita ta zaɓi dokar iyali da ta gado, kuma na san dalili. Tana 'yar shekara 15 wani abokina ya rasu kwatsam. Aurensu a falon wani gida aka ɗaura, da waliyyi da sadaki da shaidu, aure ingantacce a wurin Allah, amma ba su je rajista ba, kuma bai bar wasiyya ba. Gidan da sunansa yake. A idon dokar Ingila matar da ta zauna da shi shekara 18 ba matarsa ba ce, sai da ta bi ta kotu tana roƙon a ba ta wani abu. Matar nan a ɗakin 'yarka ta kwana sati uku tana kuka. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara tabbatar da cewa irin wannan ɗaurin auren, in ba a bi ƙa'idar dokar aure ta 1949 ba, ba ya cikin lissafi.

Shi ya sa da babban yaronmu zai yi aure muka yi biyu, na masallaci da na rajista, kuka ce mun yi auren coci. Ba coci ba ne, ofishin ƙaramar hukuma ne, minti 20 aka gama. Matar tasa da har yau kuke kira Baturiya, shekara 6 ke nan, ta musulunta kafin ta san shi, tana gaishe ni a durƙushe ba wanda ya sa ta, kuma miyar kukarta ta fi ta wasu da aka haifa a Fagge. Ban ce babu waɗanda auren 'yan ƙasa ya ɓatar ba, akwai, na san gidaje. Amma akwai waɗanda aka kawo musu mata daga gida auren bai shekara ba. Batun ƙara aure kuwa, mai matar rajista in ya sake yin wata rajistar laifi ne da ke iya kai shi ɗaurin shekara 7, don haka ka daina zuga ni a gaban mamansu.

Gado ma haka ne. In mutum ya mutu babu wasiyya, matar rajista za ta ɗauki kayan gida da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida, mace da namiji, iyayen mamaci ba su da komai. Ka ga da Inna tana raye na mutu a haka, ko sisi ba za ta gani ba. Amma dokar ta bar wa mutum 'yancin rubuta yadda yake so a raba dukiyarsa, da sa hannun shaidu 2. Ta wannan ƙofar muke shigo da rabon gado na Musulunci: malami ya fitar da kason kowa, lauya ya zuba shi cikin harshen da kotu za ta karɓa. Darasin riƙon amana ɗin nan, inda dukiya ke hannun wani amma amfaninta na wani ne, da shi ake tsare rabon marayu, kuma duk wanda ya san waƙafi ba zai ga baƙon abu ba. Tawa wasiyyar tana cikin durowa, kai ma sunanka na ciki a matsayin mai kula.

Ko mu Hausawa ne har yanzu? Ran suna muna yanka rago, sai dai a mahauta ake yankawa a kawo cikin leda. Yara na jin Hausa sarai, amsawa ce ke zuwa da gargada, kuma laifina ne, na yi shekaru ina aikin dare. Ita 'yarka ta ce in ta gama tana son zuwa makarantar lauyoyi ta Bwari ta yi karatun da ake sa waɗanda suka yi digiri a waje, don ta iya tsayawa a kotun Najeriya ma. In ta zo a gidanka za ta riƙa yin hutu. Roƙona ɗaya, ka ja wa 'ya'yanka kunne, zuwanta na ƙarshe ta ce "ina kwana" da la'asar suka yi mata dariya har ta daina magana kwana biyu. Kuma a aiko mana da daddawa da yaji ta hannun duk wanda zai taho, namu ya ƙare tun azumi.